Ranar da Ƙanwata Ta Kira Sunan Hajara

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da wani abokina mai sayar da yadi. Shi ya ji ana cewa a Abuja ko ƙasa ka kasa za a saya, ya rantse ba za a bar shi a baya ba. Ni kuwa ba kasuwa ta fitar da ni ba, Inna ce ta aike ni. Ƙanwata tana aure a wani ƙauye bayan Paikon Kore, mijinta magini ne cikin masu gina sabon birnin nan da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas tana komawa. Wani direba ne ya kawo saƙonta na baki, gajere: a ce wa Inna ta turo a ɗauki yarinyarta.

Yarinyar ita ce Hajara, 'yarta ta fari, tana aji biyu a firamare. Tun ranar suna ƙanwata ba ta taɓa kama sunanta ba, saboda kunyar ɗan fari. Sai dai ta ce "yarinyar nan", ko "'yar Inna". Na ce wa Inna a bari sai an yi hutu mana. Ta ce ta ji a rediyo ana sankarau a wajen, kuma 'yarta ba ta taɓa buɗe baki a kan yarinyar nan ba. "In ka ga ta yi magana, tura ta kai bango. Tashi ka tafi." Na tashi ina gunaguni a ciki.

Fijo muka shiga, an cusa mu kamar goro a huhu. A Kaduna muka sha shayi, abokina ya tsaya cinikin burodi har direba ya yi masa hon. Da muka wuce Kaduna rana ta buɗe, zafin bazara ya sauko, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Muka fara ganin matan Gwari a gefen titi, sun ɗora itace da doya a kafaɗa maimakon kai. A Tafa doya ta yi araha har na yi da-na-sanin rashin zuwa da buhu, amma a Zuba kwanon shinkafa ya kusa sa mu azumin dole. Mai abincin ta ce mutanen Legas ne suka ɓata kasuwa, ba sa tayawa. Dutsen Zuma yana tsaye a kanmu da fuskar nan tasa. Direba ya ce duk inda ka bi tana kallonka. Na yi dariya, amma na daina waiwayawa.

Sai da muka fara shiga birnin don neman mijin ƙanwata. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. Tituna masu faɗi, baƙi wuluk, ba kowa a kansu. Fitilu jere a inda babu gida ko ɗaya, ga dogayen benaye da tagogi a buɗe ba labule. Manyan motoci suna ta shigowa daga kudu, ɗauke da kujeru da teburan ofis an lulluɓe su da tamfol. Mun ga wani mutum da kwat yana zaune a kan akwatinsa a gindin wani gini, shi kaɗai, yana fifita da jarida. Gari ga shi an gina, mutanensa ba su iso ba.

Mun sami mijin ƙanwata a kan bene yana ɗora bulo. Ya ce a wurin aikin yake kwana, don ogansu ya ce duk wanda ya je ƙauyen da ake ciwo kada ya dawo. Ya ce sanda ya baro gida Hajara lafiyarta ƙalau, kuma an rufe makaranta, hedimasta yana duba yara. Ya kwatanta mini gidan, ya koma kan bulonsa.

A Gwagwalada abokina ya kwance hajarsa a tasha don gwaji. Mutum na farko da ya tsaya bai ko kalli atamfa ba. Ya ce, "Kana da farin yadi? Na yaro." Abokina ya auna masa. Da mutumin ya tafi sai ya ce mini shi iyakarsa nan, in na gama in same shi. Ban ga laifinsa ba.

Wata akori-kura ta sauke ni a mararrabar ƙauyen wajen la'asar, direban ya ƙi shiga ciki. Na taka ta cikin gonakin doya. Duk wanda ya san ƙauye ya san yara ne ke fara tarar baƙo, su bi shi da ido da surutu. A nan ko ɗaya. Bakin rijiya ba yaro, gindin mangwaro ga 'ya'ya sun zubo suna ruɓewa ba mai tsinta. Tsit, sai kukan kurciya.

Makarantar ce farkon gini. An fito da bencina duka an jibge su a rana, an ciccire tagogin azuzuwa, warin maganin asibiti ya cika wurin. Na leƙa wani aji. Tabarmi ne a shimfiɗe nesa-nesa da juna, yara kwance a kai, wani malamin asibiti yana bin su ɗaya bayan ɗaya. A allo akwai lissafin da aka fara ba a gama ba, ba wanda ya goge. Ina tsaye sai aka buga ƙarfe a bayana, na waiwaya. Wani dattijo ne, ya ɗaure hanci da hankici, yana dukan tsohon wilin mota da aka rataye a bishiya. Ya ajiye sandar ya nufi cikin gari, na bi shi a baya.

Abin da na gani daga nan har yanzu yakan dawo mini. Yakan tsaya a ƙofar gida, nesa kaɗan, ya kira suna. Yaro ya fito ya tsaya, ba gaisuwa ba dariya, ya sunkuyar da kai a hankali har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya ɗago, ya koma ciki. Gida na gaba ma haka. Wani gidan yara uku suka jeru suka sunkuya tare. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Dattijon ya lura da ni. Na gaya masa ko ni wane ne. Ya ce shi ne hedimasta, ɗan garin ne, Bagware. Ya yi mini bayani da irin Hausarsu. "Oga, kada ka ji tsoro. Sankarau yana kama wuya ne. Yaro da ya iya sa haɓa a ƙirji, lafiya. Wanda bai iya ba, mu ɗauka shi zuwa sukul, dokta ya yi allura. Safe da yamma ina yi. Na rufe makaranta, amma ban rufe kiran suna ba."

Gidajen Hausawa 'yan ci-rani suna can ƙarshen gari, da dangar zana. Ya tsaya a ƙofar ƙanwata ya kira, "Hajara!" Shiru. Ya sake kira. Sai muryar ƙanwata ta fito daga ciki, ƙasa-ƙasa: "Tana ciki."

Ya juyo ya dube ni. Ya ce jiya yarinyar ta amsa daga ɗaki amma ba ta fito ba, yau da safe ko amsawa ba ta yi ba. Shi ba ya shiga gidan Bahaushe in maigida ba ya nan, malamar da ke shiga irin gidajen kuma ita ma ta kwanta. "Matan garinmu, in yaro ya ce kai yana ciwo, zai zo da gudu yana ihu har sukul. Wannan madam bai yi ihu ba. Na ce to, lafiya ne." Ni kuwa na san abin da shirun nan yake nufi.

Na yi sallama na kutsa. Ƙanwata ta durƙusa da goyonta ta gaishe ni, ta tambayi Inna, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta kawo ruwa. Idanunta sun kumbura, hannunta ɗaya a bayanta tana ɓoye jiƙaƙƙen tsumma. Na ce, "Ina Hajara?" Ta nuna ɗaki da haɓa.

Hajara tana kwance a gefe, kanta ya sanƙare ya koma baya, ta runtse ido saboda hasken da na shigo da shi. Jikinta kamar garwashi. Ga mafici, ga ƙwaryar ruwa, ga kwanon rubutu, ga wurin da uwar ta yi ta zama a gefen tabarmar har ƙasa ta yi sumul. Ba sakaci ta yi ba, ba ta ko runtsa ba. Raina ya ɓaci, na yi mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba. Na ce mutum yana zuwa ƙofarki safe da yamma, me ya hana ki gaya masa?

Ta ce, "Yaya, da wane baki zan tsaya gaban baƙon namiji in ce 'yata ba ta da lafiya? Ai na aika wa Inna."

Na saɓa yarinyar na fito, na ce Zariya zan kai ta. Hedimasta ya tare hanya ya ware hannuwa. "Ba zai kai Kaduna ba, oga. Kuma mutanen mota fa, su ba su da yara?" Na ɗaga murya, shi bai ɗaga ba, bai kuma matsa ba. Na dubi wuyan Hajara a kafaɗata, na juya na nufi makaranta. A ajinsu aka shimfiɗa mata tabarma, malamin asibiti ya yi mata allura, ni ma ya yi mini ta rigakafi yana faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya a barandar hedimasta na yi su. Matarsa tana ba ni sakwara da miyar ganye, sakwarar da ban taɓa cin mai laushinta ba. Wasu yaran sun tashi sun koma gida da ƙafarsu. Wasu kuwa sai dai ka ga an naɗe tabarma an kai bayan makaranta an ƙone. Ina bin hedimasta zagaye. Akwai wata ƙofa da ya tsaya, ya buɗe baki zai kira, sai ya tuna. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya wuce. Ƙanwata kuwa kullum tana bakin tagar ajin da goyonta, ba ta shiga, ba ta tambaya, sai dai kallo.

Wata safiya zazzaɓin ya sauka. Hajara ta buɗe ido ta ce ruwa. Malamin asibiti ya tallafi kanta, ta sha, ya sa ta gwada sunkuyawa, haɓa ta kusa taɓa ƙirji. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Sai na ji murya daga taga, a gaban hedimasta, a gaban malamin asibiti, a gabana ni yayanta:

"Hajara!"

Duk muka juya. Ƙanwata ce, ta riƙe katakon taga da hannu biyu, mayafinta ya zame ba ta ko sani ba. Hajara ba ta juya ba, allo take kallo. Uwar ta sake kira, har muryarta ta fashe. Yarinyar tana nan yadda take. Hedimasta ya fita, ya ɗauki sandarsa ya maka wa ƙarfen nan duka da dukkan ƙarfinsa. Yaran da ke kwance suka zabura, tsuntsaye suka watse daga kan mangwaro. Hajara ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Malamin asibiti ya ja ni gefe. Ya ce sankarau yakan bar rai ya tafi da kunne. Na ce da an kawo ta da wuri fa? Ya ce wataƙila, Allah ne masani. Hedimasta ya zauna a kan wani benci a rana ya rufe fuska da hankicinsa. Na yi kuka a ranar, ban ɓoye ba.

Da aka sallame ta muka kamo hanyar gida, har da ƙanwata, da izinin mijinta. Abokina ya sayar da farin yadinsa kaf, atamfa kuwa da ita ya dawo, kuma bai yi cinikin burodi a Kaduna ba. Ban ko lura da Dutsen Zuma ba. Ƙanwata ta ba ni goyon na riƙe, ta ɗora Hajara a cinya, abin da ban taɓa gani ba. Ta kai bakinta kan kunnen yarinyar tana faɗin sunanta a hankali, tun daga Zuba har muka hango Zariya.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma wannan ilimin da na so ban biya shi da kunnen Hajara ba. Na ga mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ya rufe makarantarsa ya mai da ita asibiti, yana bin 'ya'yan mutane ƙofa-ƙofa. Ya girmama al'adarmu bai shiga gida ba, ƙanwata ta girmama ta ba ta yi magana ba, ciwo ya bi ta tsakaninsu ya wuce. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma in ciwo ya shigo gari, a ajiye ta a bakin ƙofa.

Da muka shiga gida Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Hajara ta ruga ta faɗa jikinta. Inna ta yi mata magana, ta sake yi, sannan ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ƙanwata ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Hajara, zo ki cire takalmi," a gaban Innar da ta koya mata kada ta taɓa kama sunan nan. Na jira in ji faɗa. Inna ta ture farantin shinkafar gefe, ta ce, "Ƙara kira. Ɗaga murya."