Idon Baba da Fina-finan Masu Malafa

Mahaifina bai taɓa yarda cewa idonsa na da matsala ba. Likita ya ce yanar ido ce take rufe masa gani, kuma in aka daɗe ba a yi aiki ba, gyaran zai yi wuya. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya tambaye shi lafiyar iyali, ya sa masa albarka, muka dawo gida Ƙofar 'Yandaka. Daga ranar duk wanda ya tayar da zancen asibiti amsa ɗaya yake samu: "Makaho na kallon silima?"

Hujjarsa ke nan, kuma ni ne mai riƙe masa ita. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ina koyar da Turanci a wata sakandare. Kowace Asabar bayan la'asar, in akwai wuta, nakan zauna a ɗakinsa in kunna bidiyo in riƙa yi masa fassara. Ba ya kallon fim ɗin Indiya, wai ba zai ɓata lokaci a kan mutumin da aka kashe wa uba ya hau dutse yana rawa ba. Tsofaffin fina-finan Turawa yake so, baƙi da fari, na masu laifi da masu bincike, irin waɗanda ya gani a silima yana saurayi. Wani mai kaset a Babbar Kasuwa yana da su shida ko bakwai a ƙasan kwali. Ban da mu babu mai tambayarsu, har ya ce in daina wahalar maido masa.

Da farko biyayya ce kawai ta zaunar da ni, daga baya na kamu. Maza ne cikin malafa da doguwar kwat, a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Babu mai tsabta a cikinsu, shi kansa mai binciken akwai abin da yake ɓoyewa. Haske yakan shigo ta taga ya raba fuskar mutum biyu, rabi a fili rabi a duhu, kuma tun kafin ya buɗe baki ka san ƙarya zai yi. Maganarsu kaɗan ce. Mutum zai faɗi kalma uku, ni in kashe goma sha biyu ban kamo shi ba. Wani wurin kuma da gangan nake kaucewa. Akwai matar da ta shiga ofishin mai bincike ta zauna masa a kan tebur, na ce ƙanwarsa ce.

"To," in ji Baba, "Allah shi shirya wanga zumunci."

Yana da ra'ayi a kan komai. A ganinsa rashin gaisuwa ke jawo musu kisa: mutum ya faɗa gidan mutane ba sallama, ba ina gajiya, sai tambaya. Lokacin kuwa gari bai gama rabuwa da fastocin zaɓe ba, sababbin manya suna ta kwashe kaya zuwa GRA. Da aka nuno attajiri da shugaban 'yan sanda suna ƙus-ƙus a bayan mota, Baba ya ce waɗannan sun riga mu komawa mulkin farar hula. Abin da ya fi yabawa shi ne inuwa. Yakan ce masu fim ɗin yanzu ba su san darajar duhu ba, komai sai sun haska shi kamar shagon gwal.

A waje kuwa matsalar idon tana ta ƙaruwa. A rumfarsa ta yadi ya koma gane shadda da hannu. A gida ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce tiren ne ya karkace. Inna ta ce ni ne babba, ni zan yi masa magana. Amma a gidanmu ɗan fari ba ya duban mahaifinsa ya ce abin da ya faɗa ba haka ba ne. Nakan shiga in gaishe shi, in kewaya zancen, in tashi. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma kunya ta fi tsoron ƙarfi.

Wata Asabar muna tsakiyar wani da muka kalla sau da yawa, sai hoton ya ɗauke. Kaset ɗin ya tsufa. Babu komai a talabijin sai ɗigo-ɗigo suna tsalle, amma murya na fita sarai. Na yunƙura zan tashi in gyara, sai na ji Baba ya ce, "Dubi inuwar nan bisa bango. Ka ga yadda ta riga shi hawa benen?"

Na koma na zauna. Na ci gaba da fassara kamar minti biyar, shi kuma yana ta yabon hasken fitilar titi da hayaƙin taba, fuskarsa tana fuskantar akwatin. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba. Na kafa ido a tabarma.

"Baba, hoton ya ɗauke."

Ya juyo da kai wajena. A cikin akwatin wani yana ƙwanƙwasa ƙofa, wata mata tana amsa masa daga ciki.

"Tun yaushe?"

"Tun da ya fito daga mota."

Ya gyara zama, ya shafa gemu. "Ni kau tun azumin bara ya ɗauke mani," in ji shi. "Ran Litinin ka zo da wuri mu tahi wurin likitan."

Na ce to. Na miƙa hannu zan kashe bidiyon, ya ji motsina.

"Bar shi. Mi ta ce mashi?"