Kwat ɗin Gasar Malam Othniel

Ranar Talata, huɗu ga Maris, 2025, Allah ya yi wa Malam Othniel rasuwa a gidansa da ke Samaru, bayan gajeriyar jinya. Tsohon malamin firamare ne, shi ya koya mana ces, darar Turawa, a barandar shagon Chuks da ke Sabon Gari.

Malam, ka wahalar da mu. Mu da muka saba dara da ihu da gori, ka hana mu ko tari. Wanda ya taɓa doki, dole ya motsa shi. Sai an yi musabaha kafin a fara. In mun yi ƙorafi ka ce, “Haka ake yi a gasa. So kuke ku je Abuja ku ba ni kunya?”

Wace Abuja? Duk shekara sanarwar gasa na zuwa, ka karanta mana ita a tsaye. Kana isa wajen kuɗin rajista, sai kowa ya duƙufa kallon allo. Ga kuɗin mota, ga masauki, fansho kuma sai ya ga dama. Ka taɓa shirya gasa a nan gida, aka ce ba ta shiga lissafi sai an ɗauko alƙalin wasa daga nesa, shi ma da nasa kuɗin. Mutum shida suka zo.

Ba ka ƙi zama da kowa ba. Modupe tela, da ta leƙo neman Chuks, kai ka jawo mata benci. Da ta fara cinye ka, har rawa ka taka, kai mai hana tari. Ita ta ɗinka maka kwat ɗin zuwa gasa, ta ce, “Baba, tare za mu tafi.” Ka rataye shi cikin leda, ko coci ba ka sa shi.

Sanarwar bana ta iso bayan ka kwanta jinya. Modupe ta karanta, ta koma kan keken ɗinkinta.

A cikin kwat ɗin aka binne ka, Malam. Ya yi maka kyau ƙwarai. Wannan tafiyar ce kaɗai ba a tambaye ka kuɗin shiga ba.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa. Mama Winifred, matar Malam, da yara, Allah ya ƙara haƙuri. Mu muna nan barandar, muna wasa shiru kamar yadda ka bar mu.