Jar Motata da Dillalin Yaya

Na daɗe ina koyarwa a makarantar 'yan mata kafin in iya sayen mota. 'Yar Kwatano ce, ja, ta sha hannu amma jikinta sumul. Ranar da aka kawo ta muka tarar ba ta shiga lungunmu. Lungun nan na Ƙofar Kibo, in mai kurar ruwa ya shigo, mai fitowa sai ya manne da bango. Don haka ta koma kwana a bakin titi, gindin darbejiya, daidai inda mazan unguwa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar.

A majalisar nan akwai waɗanda ko keke ba su taɓa mallaka ba, amma babu ciwon motar da ba su san maganinsa ba. In na tayar da ita da safe, da yamma za a aiko mini da bayani cewa ƙarar injin ta sauya. A kan but ɗinta suke ajiye kofin shayi. Madubinta kuwa, nan wani dattijo ke gyara zaman hularsa kafin ya wuce masallaci.

Ba a jima ba ta zama motar unguwa. Mai naƙuda, motar Malama. Rakiyar amarya, motar Malama. Ta'aziyya a ƙauye, motar Malama. Na masu naƙuda ban taɓa ƙi ba, sauran ne ke ƙona mini rai. Kuɗin mai kuma guda ne kullum, wato "Allah ya ƙara arziki." Na sha amsa amin ina kallon allurar mai kwance.

Shugaban masu aron shi ne Yaya, wana da muke uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon yadi a kasuwa. Shi ba ya ma aro. Sallama zai yi, ya miƙa hannu, ya ce, "Ina makullin nan?" A hannunsa injin ya buga, a hanyar garin surukansa, bayan ya cika ta da mutane da buhun masara. Da aka jawo ta da igiya har gindin darbejiya, ya tafa hannu ya ce, "Ƙaddara ce, ki yi haƙuri." Ƙaddarar tasa ni na biya ta a gareji.

Daga nan ba ta ƙara lafiya ba. Yau lagireto na yoyo, gobe giya ta ƙi shiga. Bakanikena har ya daina tambayata abin da ya kawo ni, sai dai ya jawo mini benci. Ga mai ya yi tsadar da albashi bai san da ita ba. Na fara hawa keke mai ƙafa uku zuwa makaranta, ina wuce motata tana shan inuwa kamar wata mai jego.

Na yi ta juya maganar a raina. In na sayar, abin da za a ba ni ba zai kama ƙafar abin da na zuba mata ba, kuma na san ba zan ƙara sayen wata ba nan kusa. In na riƙe, ina ciyar da ita ne don wasu su hau. Maigidana mutum ne mai gudun magana. Ya ce, "Ke kika saya, ke za ki sayar." Ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Da labari ya kai wa Yaya, ya zo har ɗaki ya zauna, fuska a murtuke.

"Ki sayar? A ce gidanmu an talauce har an fara cin mota? Ki duba mutuncinmu mana."

Na ce, "Yaya, mutuncin nan fetur yake sha. Ko za ka riƙa zuba masa?"

Ya ce ba ni da kunya, ya fita. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo da fara'a. Wai ya yi tunani, tunda na dage, gara ya samo mini dillali mai amana, kada a cuce ni a matsayina na mace.

Dillalin ya zo da babbar riga da baƙin tabarau, yana karkaɗa makullai a yatsa. 'Yan majalisa suka taso suka kewaye mu. Ya harbi taya da ƙafa. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Ya leƙa inji, ya ja tsaki mai tsawo.

"Hajiya, wannan ai ta gama aiki. An taɓa inji, an taɓa fenti. Kuma jar mota yanzu ba mai so."

Lokacin da zan saya, irinsa ne ya rantse mini cewa ja ita ce ake yayi, kuma motoci kullum tashi suke. Yanzu da tawa ta zo sayarwa, kasuwa ta mutu. Ya faɗi tayin da wani alhaji ya ba shi, wanda wai ba ya son a san sunansa. Tayin ko babur mai lafiya ba zai saya ba.

Na ce, "Albarka."

Yaya ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Ki sallama kawai. Kin ga fa mutumin nan taimakonki zai yi." 'Yan majalisa suka gyaɗa kai gaba ɗaya, har da mai gyaran hula.

Na ce zan yi shawara. Gaskiya na kusa sallamawa, don na gaji. Sai matar Yaya ta shigo mini washegari karɓar abin tankaɗe. Baiwar Allah ce, cikinta ba ya riƙe magana. Tana zama ta ce, "Ashe motar nan gidanmu za ta dawo! Ai har yayanki ya sa an share filin ƙofar gida, ya ce farin fenti zai sa a yi mata."

Na dube ta, ta dube ni. Sai ta kama baki.

Ban yi faɗa ba, ban kuma aika wa Yaya ba. Na tafi gareji na ce wa bakanike ya nemo mini mai saye, ko wane ne, muddin ba ɗan cikin ganuwa ba ne. Ya kawo wani manomi daga ƙauyukan hanyar Soba, mai kawo albasa da tattasai kasuwa. Mutumin bai harbi taya ba. Ya sa bakanike ya zagaya da shi, ya dawo ya tambaye ni abin da ke damunta. Na faɗa masa duka, har lagireton. Ya yi tayi, na ce ya ƙara, ya ɗan ƙara. Ya fi na dillali, amma faɗuwa ce dai, faɗuwa sosai. Na ce, "Na sallama." Muka sa shaidu, na miƙa masa takardu da makulli.

A gabana ya nemi sifana ya kwance kujerar baya, don buhuna su sami wuri. Na kau da kai.

Da yamma Yaya ya faɗo gidan ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kin ba bare? Baƙauye? Alhajin nan fa yana jira!"

Na ce, "To, Yaya, ka ba alhajin haƙuri. Ka ce masa ƙaddara ce."

Ya shuri takalmansa ya fita. Ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata sai da hanci. Sai da bikin 'yarsa ya matso, ana neman mai ɗaukar nauyin kayan kicin, sannan ya tuna yana da ƙanwa. Ya aiko matarsa da goro da alewa. Na karɓa, na sayi tukwane da kuloli don yarinyar, na sa mai keke ya kai musu.