Waken Inna da Ganyen Turare

Jiya da la'asar maƙwabciyata a nan Dutsin-Ma ta tara ganyen itacen turare ta sa masa wuta don korar sauro. Hayaƙin na tsallako katanga na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Ita ƙamshi take ji, ni kuwa shekarar da waken Inna ya kusa ƙarewa ce ta faɗo mini. Bari in ba ka labarin, ko ka gane abin da ya sa nake yi wa itatuwa kallon masu wayo.

Inna kakata ce, mahaifiyar babanmu. Daga Barkiya aka kawo ta gidan Malam, kakanmu, a Dabawa, da ɗan ƙullin irin wake da uwarta ta ɗaure mata a bakin zane. Ja ne mai ɗigon fari, ƙanana, ga saurin nuna a tukunya. Ba ta shekara da aure ba uwar ta rasu, 'yan'uwa suka watse, gidan ya koma kufai. Ba hoto, ba zane, ko tasa ba ta gada ba. Waken nan kaɗai ya rage mata, shi take shukawa kowace damina a 'yar gonarta ta bayan gida. In ka yabi alalarta sai ta ce, "Ba hannuna ba ne, hannun tsohuwa ne."

Ajiyar iri aikinmu ne ni da ita. Da an yi girbi sai mu tsinko ganyen bedi, wanda wasu ke ce wa darbejiya, mu shanya a inuwa, don ta ce rana na shanye masa ƙarfi. Ta murtsuke shi da toka, ta riƙa zubawa a gora, wake kaɗan, ganye kaɗan, sannan ta liƙe bakin da laka. Ni da rashin ji na taɓa tauna ganyen, na yini ina tofar da yawu, ita ko tana dariya har da riƙe ciki.

"Ke mai ƙahwa ai kin gudu," in ji ta. "Icce hwa? Bai gudu, bai mari. Shi ya sa Allah ya ba shi ɗaci, ƙwaro ya ciza ya tuba."

Haka ta san halin kowane itace kamar maƙwabtanta. Mu yara tsoron tsamiyar bakin hanya muke, don ko ciyawa ba ta fitowa a gindinta, muka ce aljanu ke share wurin. Inna ta ce aljanu ba su rasa aikin yi ba har su kama shara, tsamin ganyenta ne ke hana 'ya'yan wasu tashi kusa da ita. Gawo kuwa mutumin kirki ne a wurinta, yana kakkaɓe ganyensa da damina ya bar hatsi ya sha rana.

Itace ɗaya ne ba ta san halinsa ba, shi ne turare, don baƙo ne. Malaman daji suka raba dashensa, Malam ya jera a bakin turken awaki saboda inuwa. Kafin ka ce kwabo sun wuce soro tsawo. Malam ya ɗauki son duniya ya ɗora musu. Sauro, ganyen turare. Mura, turiri da ganyen turare. Da za a biye masa har ciwon haƙori sai an kai wa turare ƙara.

Malam ba mai yawan magana ba ne, da aiki yake nuna ƙauna. Al'adarmu, kafin saukar ruwa ana kwashe sharar gida da kashin dabbobi a mangala, jaki ya kai gona. Babbar gona ake fara ba, ragowar a watsa wa mata. A bazarar nan Inna ta tafi Kurfi wajen wata jikarta da ta haihu, sai Malam ya juya abin. Ya ce ganyen da ya kori sauro ai gara da tsutsa ba za su gagare shi ba. Ya tattara duk ganyen turaren da ya zuba tun rani, ya tula a gonar Inna, ya bi da fartanya ya binne. Ni na ja masa jakin, ina ta murna.

"Amarya," ya ce mini, don haka yake tsokanata, "kar ki hwaɗi mata. Bari sai ta ga wake ya yi, ta zo tana tambaya."

Ruwa ya sauka, gero ya yi ƙwari, Inna ta fasa gorarta ta shuka. Muka jira, shiru. Nan ɗaya, can ɗaya, sauran ramukan kamar ba a sa komai ba. Ta ɗora laifin a kan ɓeraye da kurciyoyi, ta sake shukawa. Na biyun ya fito, amma rawaya, sirara, suka yi 'yan kwanaki suka kwanta. Wata safiya ta durƙusa ta tona ƙasar da yatsa, ta ɗebo ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta nufi turken awaki, ta tsaya tana duban gindin turaren. Ko'ina a gidan ya yi kore shar, har kan katanga ciyawa ta fito, amma nan ƙasa ce tsirara.

Malam na zaune yana gyaran igiya, ya ga inda take kallo. Bai jira tambaya ba, ya ce, "Ni na zuba. Na ɗauka alheri zan miki."

Na zaci za ta yi faɗa, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Sai kawai ta ce, "Ashe shi ma bai son kowa kusa da shi. Ba laihinka ba ne, Malam, baƙo ne, ba mu tambayi halinshi ba." Ta shige ɗaki. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci guda kamar ranar ba.

Abin da ya rage a gindin gorar bai cika tafin hannu ba, ga damina ta yi nisa, in ta shuka ruwa zai ɗauke ya bar shi bai yi 'ya'ya ba. Dole ya jira wata shekara, alhali irin wake daga girbi zuwa shuka ma da ƙyar yake tsira daga ƙwari. Washegari da sassafe muka tarar da ganyen bedi a shanye a inuwar ƙofar ɗakinta. Ba wanda ya ce shi ya kawo, amma mun ga ƙujewa a gwiwar Malam, tsoho da hawan itace. Ta ɗauka, ta sake liƙe gorar, ta rataye a kan gadonta. A shekarar ƙwari suka mai da waken gidaje da yawa gari. Duk sanda aka yi zancen a zaure sai Malam ya tashi ya ce zai duba jaki.

Da damina ta zagayo, ranar fasa gora Malam ya ƙi shigowa cikin gida. Inna ta shimfiɗa faifai, ta yi bisimilla, ta ɓare lakar. Ɗaci ya bugi hancinmu. Ta zazzage, tana bushe tokar, tana juya kowace ƙwaya da yatsa tana neman huda. 'Yan kaɗan ne suka ɓaci. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta zuba mini a hannu.

"Kai wa mijinki," ta ce. "Ki ce mashi shi zai shuka, a gindin gawo."

Na same shi a zaure na buɗe hannuna. Ya duba, ya juya fuska bango, ya ce wai hayaƙi ne ya shigar masa ido, alhali ko wuta ba a hura ba.

Yanzu Inna da Malam duk sun kwanta dama. Mutane sun koma sa ƙwayar magani a buhu, turaren Malam an sare an yi rumfa da shi, kuma ban riƙe shi da komai ba, kansa yake karewa yadda aka halicce shi. Ranar da za a kai ni ɗakin miji Inna ta ɗaure mini ƙulli a bakin zane, wake da ganyen bedi. Shi nake shukawa a bayan gidan nan har yau. Watan jibi za a kai 'yata ɗakinta a Tamawa, kuma ganyenta na can a shanye a inuwa.