Tokar Mama a Gindin Kameliya

Shekarar da muka sayi gidanmu na Woodbridge, a nan ƙasar Turawa, na dasa kameliya a jikin bangon arewa, inda ranar safe ba ta dukanta. Maigidana ya yi mini dariya har da riƙe ciki. Wai mace ta taso a Filato, cikin dankali da acca, ta ƙare da renon itacen da ba a ci. Na ce masa ya je ya ji da motarsa. Wadda ta sayar mini ta ce a tsakiyar hunturu yake fure, lokacin da kowane itace ya zama ƙirare, ni kuwa abin da ya kama zuciyata ke nan.

Itacen ya ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Shekarar farko barewa ta shigo ta cinye tohon tas. Ta biyu iska ta ƙone ganyen. Na koyi halinsa kamar yadda nake koyon halin majinyata a asibiti: yana son ƙasa mai tsami, yana son a lulluɓe gindinsa da busasshen ganyen itacen fayin mai kama da allura, ba ya son a taɓa shi da almakashi bayan ya ɗaura toho. A shekara ta huɗu ya cika da toho har rassan suna sunkuyawa. Ina dawowa daga aiki, kafin in shiga gida sai na je na gaishe shi.

A wannan shekarar ce Baba ya rasu, na ɗauko Mama. Hawan jini ya sa ta gaba, gidan can kuma babu kowa sai ƙadangaru. Na san idan ta koma, maganin ma ba za ta sha ba. Lokacin zafi ta iso, ta ga fili a bayan gida, ta ce haram a bar shi ga ciyawa. Ta shuka kuɓewa da rama da barkono, ta dawo mutum. Sai ga sanyin farko. Wata safiya muka fito, komai ya yi baƙi ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Mama ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta shiga ɗaki ta haɗa akwatinta, ta jingine shi a bakin ƙofa.

"Ki sayo mini tikiti," in ji ta. "Ƙasar da ke kashe kuɓewa a tsaye ba za ta bar tsohuwa ba."

Na yi lallashi, na kawo matan coci suka yi nasu. Jikokinta suka roƙe ta da Turanci, ta amsa musu da Hausa cewa a'a. Tsoro ya kama ni sosai, don na riga na binne uba a wannan shekarar.

To, manomi ba ya barin gona haka nan. A gida, idan an gama kaka, a tara kara a ƙone, a watsa tokar don ƙasa ta yi ƙarfi. Ranar nan ina can maƙale a cunkoson babbar hanya, Mama ta tattara karan kuɓewarta, ta cusa a murhun gashin naman maigida, ta cinna wuta. Tokar kuma, da ta duba ba ta ga mai rai ba sai kameliyata, ta juye mata duka a gindi. Ba ta tsaya nan ba. Ta ga itace ya ɗauki kaya da yawa, ta ɗauko wuƙar kicin ta rage masa gefe guda.

Na shigo na ga rassa a ƙasa da tohonsu. Jakata ta faɗi.

"Wayyo Yesu! Mama, me kika yi mini?"

"Taki na ba shi. Ko godiya babu?"

"Toka guba ce a wurinsa! Shekara huɗu, Mama! Shekara huɗu ina bautar itacen nan!"

Na durƙusa da kayan aikina a jiki, ina kwashe toka da hannu, ina faɗa ina hawaye. Ta tsaya riƙe da ƙugu. Can ta sunkuya da gwiwarta mai ciwo ta kama kwasa, amma bakinta bai mutu ba.

"Ke yarinyar nan, wannan kukan duk a kan abin da ba ya miya?"

Na ce mata fure zai yi, ja wur, a cikin dusar ƙanƙara. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Taki ko furen ba za ta yi ba. In na gani da idona, na kwance akwatin can."

Na ce na ji, kuma Allah ne shaida.

Daga ranar na zama kamar kaza a kan ƙwai. Na canza ƙasar saman, na zuba sabon ganyen fayin, na shayar da shi sosai kafin ƙasa ta daskare. Wasu ganyen suka yi rawaya. Na kafa sanduna ta gefen iska zan ɗaura buhu, buhun bai kai ba. Ina tsaye ina tsaki sai ga tsohon zanin Mama ya faɗo a kafaɗata.

"Ba don na yarda ba ne," ta ce. "Ba na son a ce na ci ki da zalunci."

Kirsimeti ya wuce, toho ya kumbura ya ƙi buɗewa. Maigida ya fara duba farashin jirgi a ɓoye, na kama shi, ya sha abin da ya sha.

Sai wata Asabar a Janairu dusar ƙanƙara ta sauka. Na leƙa ta tagar kicin na ga ja a cikin fari. Ban ɗauki ko rigar sanyi ba. Furanni ne manya kamar tafin hannun jariri, dusa a kansu, suna nan kyam. Na kurma ihu har maƙwabciyata ta buɗe taga. Wallahi ko ranar da na karɓi takardar aikin jinya ban ji kaina ya yi girma haka ba. Ni na yi wannan, da hannuna, a ƙasar mutane.

Mama ta fito cikin takalman maigida, da bargo a ka. Ta zagaya itacen a hankali. Ta sa yatsa ta kakkaɓe dusar da ke kan fure ɗaya, ta tsaya a gefen da ta sare, inda babu ko guda.

"Da ban taɓa nan ba, da ya fi haka," ta ce.

"Da ya fi."

"Kin iya noma, ashe. Babanki bai gani ba."

Ta koma ciki, na bi ta. Ta janyo akwatin daga bakin ƙofa, ta buɗe, ta tona ƙarƙashin zannuwanta ta fito da wani ƙullin tsumma. Irin kuɓewa ne, wanda ta tsince kafin sanyi ya kashe gonar, za ta tafi da shi gida. Ta ɗora shi a kan tagar kicin.

"To, ke manomiya," ta ce, "a wane wata ake shuka a garin nan?"