Lalle a Hannu Ɗaya

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a can Gubi, wani kwas na Fiziks ya kusa hana ni fita. Tun aji biyu na faɗi shi, na dawo maimaici na sake faɗuwa gwajin farko. Saura jarrabawa kawai. In na faɗi ta, 'yan ajinmu za su wuce bautar ƙasa su bar ni in ƙara shekara guda saboda kwas ɗaya.

Abin haushin, lissafin ba ya ba ni wahala, lambobina daidai suke fitowa. Alkibla ce matsalata. A Fiziks in abu yana juyawa, kamar taya ko fanka, da kibiya ake nuna juyin, kibiyar kuma tana bin sandar da abin ke juyawa a kanta. Gane inda ta dosa ba wani aiki ba ne: ka naɗe yatsun hannunka na dama yadda abin ke juyawa, inda babban yatsa ya nuna, can ta nufa. Ni kuwa in amsa sama ce, ƙasa zan rubuta. Ko sau ɗaya ban taɓa dacewa ba. Har na fara cewa malamin ne ya sa mini ido, bawan Allah ko sunana bai riƙe ba.

Wata rana bayan azahar muna bita da ƙawata a gindin bishiya, ta ce, "Yi wannan a gabana in gani." Na ja takarda na yi lissafi, na ɗaga hannu na naɗe yatsu. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ke, wane hannu ne wannan?"

Na duba. Biro na hannun dama, hagu ce a sama tana ta aiki abinta.

Ni bahaguwa ce aka haife ni. Mahaifiyata ce ta mai da ni dama tun ina ƙarama, da ludayi take ƙwala mini a yatsu in na ɗauki alƙalami da hagu. Na koma ci da rubutu da dama, amma duk abin da zan yi ba tunani, hagu ce ke riga. Ita kuma hagu akasin dama take nunawa. Shekara biyu ina zargin kaina da daƙiƙanci.

Gane matsalar bai kashe ta ba. Da na nutsa cikin lissafi sai in manta, hagun ta sake tashi.

Ranar Juma'a na je gida Ƙofar Wambai na ba mahaifiyata labari ina dariya. Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ce in nuna mata. Na ɗauko kwalbar man gyaɗa na murɗa murfin, na ce, "Inna, kin ga in na juya nan sama yake yi, in na juya can ya sauka? To shi ke nan karatun."

Ta jima tana kallon hannuna, sannan ta ce, "Ashe duk dukan nan hagun ba ta tafi ba, ɓuya ta yi."

Ana jibi jarrabawa ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini hannun dama kaɗai, har wuyan hannu. Na ce mutane za su yi mini dariya. Ta ce, "Su yi. In kin zo wajen juye-juyen nan, ki ajiye biron, ki ɗaga jan."

Haka na yi. Duk tambayar alkibla sai in ajiye biro a kan tebur in ɗaga jan hannu, har mai sa ido ya zo ya buɗe tafina yana neman satar amsa. Na ci kwas ɗin, na fita tare da 'yan ajinmu.

Yanzu ni ke koyar da darasin nan a sakandare, kuma abin da nake fara faɗa wa ɗalibai shi ne kowa ya ajiye biro. Na kuma daina saurin ce wa yaro ba ya ganewa sai na tsaya na ga yadda yake yi.

'Yata ta fari ma bahaguwa ce. Ranar da ta fara jan fensir da hagu a tsakar gidanmu, na miƙa hannu zan gyara mata, mahaifiyata ta riƙe ni.

"Ci dai da dama," ta ce. "Rubutu kuwa ki bar ta da wanda Allah ya ba ta."

Na ƙyale ta. Ranar da za ta kai ga darasin nan, biro na hagu, hannunta na dama na nan a sake, ba sai an ƙunsa mata komai ba.