Wayar da Aka Ja ta Turakar Malam

Ni ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Faɗa nake yi ana rubutawa. Na kuma gaya wa mai rubutun in ta ji na yi shiru ta jira ni, kuka ne, zai wuce.

Gidanmu yana bakin titi a Kura. Mijina, Malam, manomi ne. Tun da aka kawo ruwan Tiga aka yanka kanal a gonaki bai ƙara sanin hutun rani ba, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Turakarsa tana tsakanin zaure da cikin gida, kuma shi ya gina ta da hannunsa muna da ƙuruciya. Da ya zo yaɓen ciki bai goge ba, sai sawun yatsunsa ya zauna a bango layi-layi kamar kunyoyin gona. Nakan yi masa tsiya in ce ko a ɗaki ma sai ya yi huɗa. Shi kuma ya ce in ban so in zo in gyara, tunda ni ce sarkin magina. Daɓen ƙasan kuwa mu mata muka yi, ni da maƙwabta, muka buga shi muna waƙa, muka zuba makuba har ya yi baƙi yana ƙyalli. Duk tsawon zamanmu bai tsage ba.

Malam ya rasu ana tsakiyar ɗiban tumatir, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da aka share makoki ƙannensa suka zauna maganar gado, aka tambaye ni ko ina da abin cewa. Na ce abu ɗaya nake roƙo, a bar mini turakar nan yadda take muddin ina numfashi, in na mutu su yi abin da suka ga dama. Kowa ya ce ya amince. Babban ɗana yana wurin, shi ma ya ɗaga kai. Aka ba ni makulli na ƙulle a bakin zanena.

Babu wata dukiya a ɗakin. Buzunsa ne, da malafarsa, da rediyo a cikin alkuki, sai bututan ban-ruwa na roba da yake janyo ruwa da su daga kanal zuwa gona, a rataye a bango, wajen kamun hannunsa ya yi sulɓi. Ina cikin takaba, ba na fita ko'ina, sai ɗakin ya zama nan ne unguwata. Da hantsi in buɗe in share, in zauna, in ɗora hannuna a kan sawun yatsun nan. Nasa sun fi nawa faɗi.

Abu na biyu da yake cina a lokacin shi ne autata. Tana aure a Legas, mijinta dillalin kayan gwari ne. Rasuwar ta same ta da tsohon ciki, ba halin ta hau mota. Saƙo sai dai ta bakin direbobin da suke kai kwandunan tumatir, a ce a gaya mata kaza, sai an manta sannan amsa ta dawo, ita ma rabi ta zube a hanya. Ubanta ya mutu ban ji kukanta ba, ita ma ba ta ji nawa ba. Na ji ana cewa mijinta ya sayi irin wayar nan ta hannu da ta fara shigowa, amma a unguwarmu lokacin ban san mai ita ba.

To babban ɗan nawa ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko yanzu ba zan kira ba. Kakarsa ce ta raine shi. Ba na kallon fuskarsa, ba na jan zance da shi, in ya gaishe ni in amsa ina duban wani wuri. Haka na tarar ana yi, haka na yi, kuma Allah Ya sani ba rashin so ba ne. Ya yi karatu a Kano, ya koyo aikin kwamfuta, ya dawo gida ba aiki, yana ta buga-buga da wani abokinsa.

Wata rana bayan la'asar ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, waya nake so a ja a gidan nan."

Murna ta kama ni. Na san waya. Na taɓa ganinta a gidan ƙanena a Kano, a kan ɗan tebur an lulluɓe ta da ƙyalle, da igiyarta a nannaɗe, ana ɗaga kanta a kara a kunne. Ban san lokacin da na karya al'adata na tambaye shi ba.

Na ce, "Wayar da za a ji muryar yarinyar nan?"

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Sannan ya ce, "Ai Inna, da irin wannan har ƙasar waje ana samun mutum."

Daga nan ya ce matsalar ɗaya ce, daga zaure za a jawo ta, kuma ba ta da hanya sai ta turaka. Wai ɗan rami ne za a huda, kamar kaurin yatsa, ta wuce. Da cikin sauran 'ya'yana ne wani ya zo mini da wannan magana, da na tsare shi da tambaya har sai ya gaji: ina za ta wuce, ina za ta tsaya, wa zai shiga ɗakin. Amma shi ne. Tambaya ɗayar da na yi ma sai da na ji kunyarta. Na kwance makulli na ajiye a bakin tabarma, ya ɗauka ya yi godiya. Na ce a raina Malam ba zai ƙi a huda bangonsa don in ji autarsa ba, shi da yake kiranta uwarsa.

Ma'aikata biyu suka zo da kwali cike da shuɗiyar waya, a naɗe kamar igiyar guga. Suka tada janareta a ƙofar gida, suka kafa wa bango injin huda. Ina daga cikin gida ina ji. Bangon ƙasa ba ya huduwa yadda siminti yake yi, ɓantarewa yake, don haka kowane rami sai ya buɗe baki. Kuma ba rami ɗaya na ji an yi ba. Can sai na ji ƙarar diga, irin bugun da ba bango ake wa ba, ƙasa ake sara. Na aiki matar ɗan nawa ta leƙo, ta dawo ta ce wai binne wayar za a yi a ƙarƙashin daɓe don kada a riƙa tuntuɓe da ita. Ta faɗa tana kallon gefe. Na ce to. Na ga an shiga da waya ba ɗaya ba, ba biyu ba, na ba kaina haƙuri na ce Legas da nisa, wataƙila sai da yawa take kaiwa.

Kashegari na ji ƙarar zarto. Da aka kai wa ma'aikatan abinci na yafa mayafi na tsaya a bayan ƙyauren shigifa, inda ba za mu haɗa ido ba, na yi wa babbansu sannu da aiki. Mutum ne mai fara'a, tun jiya nake jin yana tsokanar abokin aikinsa yana ce masa ci-ma-zaune. Na ce masa ina roƙon alfarma, in sun zo ajiye kan wayar su sa shi ta kusa da ƙofar cikin gida, saboda ƙafata.

Ya ce, "Wane kai, Iya?"

Na ce wanda ake karawa a kunne.

Ya fara dariya, sai kuma ya katse. Ya ce, "Iya, wannan ba ta magana ba ce. Ta kwamfuta ce, ita take haɗa wannan da waccan. Makarantar koyon kwamfuta za a buɗe ai, wasu a zaure, wasu a wannan ɗakin. Ba a gaya miki ba?"

Na ce ba wucewa za ta yi ta ɗakin ba?

Ya ce a'a, a nan ta ƙare. Ya ƙara da cewa ai tun kafin a yi sadakar arba'in suka zo suka auna ɗakin ta waje. Ina jin don ya wanke kansa ya faɗa, bai san abin da ya soka mini ba.

Na manta da takaba, na manta da maza, na tura ƙyaure na leƙa turakar. An tsaga daɓen daga ƙofa har ƙurya, an yi masa rassa kamar yadda ake raba ruwa a fadama. Bango duk ramuka, kowanne da jelar waya tana reto. Buzu da malafa an tura su lungu, ƙasa ta rufe su. Bututan Malam kuwa ba sa bango. Robar da suka zo da ita don sa wayar a ciki ce ta ƙare, aka ce su yi amfani da waɗannan tunda ba mai aiki da su. Su ne na ji ana yankawa da zarto. Ga su nan gunduwa-gunduwa a cikin ramin, shuɗiyar waya ta ratsa ta cikinsu inda ruwa yake bi.

Da ɗan nawa ya dawo na sa aka kira shi. Ranar ce na fara ɗaga ido na dubi fuskarsa sosai tun yana jariri. Ashe goshin ubansa ne da shi. Ban taɓa lura ba sai ranar.

Na ce, "Ka ce mini waya."

Ya ce, "Waya ce mana, Inna, ga ta nan kowa yana gani. Ni ban ce miki tarho ba."

Yadda amsar ta fito sumul, ba ko gargada, na gane ba yanzu ya ƙirƙire ta ba, tun ranar tsinken nan take ajiye a bakinsa. Na tambaye shi, lokacin da na ambaci yarinyar nan, bai gane abin da nake nufi ba? Sai ya ce ɗaki yana zaune a banza, shi kuma ga iyali ga rashin aiki, abokinsa ya kawo injina shi ya kawo wuri, kuma ya san in ya tambaye ni kai tsaye ba zan yarda ba.

Wannan ita ce maganar da har yau take tashina zaune. Wa ya gaya masa? Da ya zo ya ce Inna ina cikin matsi, ɗakin Baba nake so, wataƙila in yi kukana in gama in miƙa masa. Wataƙila kuma in hana, ban sani ba. Amma da na kwashe kayan Malam da hannuna, da na yi sallama da bangon nan. Abin da ya yi shi ne ya duba ya ga inda na fi rauni, ya ga kewar 'yata, ya kuma san kunyarsa ba za ta bar ni in yi masa tambaya ta biyu ba. Kunyar da na yi masa don girmama shi, da ita ya buɗe ƙofar.

Na aika wa ƙanen Malam, wanda aka yi alkawarin a gabansa. Ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce abin bai yi daɗi ba, amma aikin gama ya gama, kuma da hannuna na ba da makulli, in yi haƙuri. Kowa haƙuri. Aka shafe ƙasa da siminti, aka yi wa bango filasta aka shafa farin fenti. Kayan Malam aka kawo mini a buhun taki. Samari suka fara shiga da fita, janareta yana kuka daga safe har magariba, ni ina ciki ina ƙarasa takaba.

Bayan na fita autata ta zo da jaririnta. Muka yi kukan da muka daɗe muna bin juna. Da muka natsu ta zaro wata 'yar aba daga jaka ta ce bari ta gaya wa mijinta ta sauka lafiya. Ta yi maganarta a tsakar gida, ta miƙo mini muka gaisa. Da aka gama na riƙa juya abar a hannuna ina neman inda igiya take shiga. Babu. Ta tambaye ni me nake dubawa, na miƙa mata abarta.

Makarantar ba ta yi tsawon rai ba. Wuta ba ta zama, mai ya yi tsada, abokin ya kwashe injinansa ya koma Kano. Wata safiya matar ɗan nawa ta shigo ta durƙusa ta ajiye makulli a gabana, ta ce wai in ji shi ga ɗakina. Sabon makulli ne, har kwaɗon sun canza.

Na je na buɗe. Fari fat, ba kowa ba komai, sai warin fenti da ƙura. Na bi bango da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko Allah zai sa mai filasta ya tsallake wani wuri. Sumul yake ko'ina. Alkukin ma an toshe. A can ƙasa kusa da ƙurya na ga jelar waya ta leƙo, da ɗan bakin bututun Malam a kewaye da ita, zanzaro ya fara gini a ciki. Na tsuguna na kama na ja. Siminti ya riƙe. Na ja har hannuna ya yi ja, ko motsi bai yi ba.

Na rufe ɗakin na mayar mata da makullin, na ce ta gaya masa wannan ba shi ne wanda na ba shi ba. Yanzu albasa suke shanyawa a ciki.

Mutane sun yi ta ce mini in yafe masa, kada hakkina ya bi shi. Na yafe, na faɗa a gaban kawunsa, don ba na so Allah Ya kama mini ɗa. Yana zuwa gaisuwa kullum, ya tsuguna a inda ya saba, ni kuma na koma kallon gefe kamar da. Shi yana tsammanin kunyar ce ta dawo. Ya sayo mini wayar hannu ma, tana nan a cikin kwalla, in autata ta kira sai a miƙo mini. Amma duk abin da ya zo ya ce zai yi a gidan nan, ko ƙusa ce zai kafa, sai na sa matarsa ta je ta tambayo mini shi: wace iri, a ina, kuma a ina za ta tsaya.

Dakata da rubutun haka nan, ki ba ni ruwa.